Harun Palanto da Diskin Kaka

Duk wanda ya bi ta Tunuga da hantsi, ya gangara inda ake ɗaure kwale-kwale, zai ga wani dattijo siriri zaune gindin mangwaro yana ɗinkin taru. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi zai amsa, ya mayar da kai kan zarensa. Sunansa Harun. Waɗanda suka san shi a Gaya suna ce masa Harun Palanto. Waɗanda labari kawai suka ji kuwa, cewa suke ai shi ne tsohon nan da ya ɓata wa kamfanin Alhaji Yacuba ajiya. Bayan shekara ashirin da huɗu yana aiki, sunan da ya fito da shi ke nan.

A nan Tunuga aka haife shi, gidan masunta. Dandanci ne harshen gidansu, Hausa a kasuwa ya tsince ta, wajen kai kifi. Lakwal, makarantar boko, shekara biyu ya yi, ubansa ya cire shi don ba mai riƙe masa gorar kwale-kwale. Da kogi ya fara rowa sai ya hau Gaya neman abin yi. Ya yi dako a tashar kamiyo, manyan motocin kaya, har bayansa ya ƙi, sannan Alhaji Yacuba ya ɗauke shi palanto. Shara, shayi, kai takarda duwan, wato kwastan, dawo da takarda daga duwan. Aikin kamfanin shi ne fitar wa ƴan kasuwa kayansu, waɗanda suka taso daga Kwatanu suka ƙetaro gada ta Malanbil. Biro, wato ofis, uku gare su, ɗaya a Gaya, ɗaya a Yamai, ɗaya a Kwatanu, amma na Gaya ne uwar gida, don nan Alhaji yake zaune.

Shekararsa goma a wurin aka kawo babbar mashin, irin ordinata, wato kwamfuta. Aka ware mata ɗan ɗaki a ƙurya, aka sa mata sanyi da ko Alhaji bai da irinsa. A cikinta duk mel ɗin ma'aikata ke kwana, wato wasiƙun da suke aika wa juna da masu kaya ta ordinata. A cikinta kuma akwai kundin dosiye. Kowane kamiyo da shafinsa, na Kwatanu ya rubuta ranar lodi, na Gaya ya rubuta abin da duwan ta ce, na Yamai ya gani ya kira mai kaya. Kafin shekara ta zagayo an daina cika sif da takardu. Aka kwashe amanar mutane duka aka zuba a ƙarfe guda.

Wanda ya kafa mashin ɗin wani saurayi ne ɗan Dosso, Yazidu, mai dariya kamar ba shi da damuwa. Sau ɗaya a wata yake zuwa Gaya, don haka yana neman wanda zai riƙa yi masa aikin kullum. Sakatarori suka ce ba su da lokaci. Ya waiwaya ya ga Harun riƙe da tsintsiya.

"Baba Harun, ka iya karatu?"

"Ina rarrabe baƙi da fari."

"Ja da kore fa?"

"Wannan ko akuya ta sani."

"To ka fi ƙarfin aikin. Ajiye tsintsiyar, zo."

Ya zube masa wasu ƙananan akwatuna a kan tebur, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ya ce sunansu diski, a cikinsu ake kwafe abin da ke cikin mashin, don in ta mutu a sami abin tashinta. Ya faɗi sunan aikin da faransanci, Harun ya ce shi dai ajiya zai riƙa cewa.

Yazidu ya ɗaga manya guda huɗu. "Waɗannan iyaye mata ne. Uwa ran Juma'a take ci, kuma komai take haɗiyewa, tun daga wasiƙar farko da aka rubuta a gidan nan har ta yau da safe. Su huɗu ne, bi da bi, kowace Juma'a da tata. Waɗannan ƙananan biyar ƴaƴa ne. Asabar, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Kowa abin da ya ƙaru a ranarsa kaɗai yake ɗauka. Na Talata bai san abin da ke cikin na Litinin ba. In mashin ta faɗi, uwa za mu fara zubawa, sannan ƴaƴa su biyo a jere, ba tsallake."

Harun ya ce, "In uwar ce ta mutu fa?"

"Marayu ke nan, Baba. Ko ka jera su biyar ba wanda zai faɗa maka komai."

Akwai wani irin ajiyar da Yazidu ya taɓa gwadawa wata biyu, inda ɗan kowace rana ke kwasar duk abin da ya taru tun Juma'a. Wannan ya fi sauƙin mayarwa, uwa da ɗa guda sun isa. Amma kafin Alhamis ɗan ya yi ƙibar da ƙaramin diski ba ya ɗaukarsa. Yazidu ya ce wannan yaro zai fi uwarsa ci, suka koma tsarin farko.

Dalilin Juma'a kuwa, kundin dosiye ba ya son a kwafe shi hannun mutane na ciki, kuma uwa sai ta yi awa uku tana ci. A Gaya ba lokacin da biro ke zama fayau da rana tsaka in ba lokacin masallaci ba. Daga ƙarfe ɗaya kowa ya tafi, daga can a wuce gida cin abinci, ba a dawowa sai la'asar. Sai Yazidu ya saita mashin a kan haka. Harun ya sa uwa kafin ya yi alwala, ya dawo ya tarar da ƴar fitila ta yi kore, ya cire ya kulle a sif. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, gurup, injin wuta, na nan a bayan gida yana ruri. Abu ɗaya Yazidu ya ja masa kunne a kai. Ya ce mashin sai ta share abin da ke cikin uwa tukuna take zuba sabo. In aka katse ta a tsakiya, ba tsoho ba sabo.

Rubutun da ke jikin diski na faransanci ne, ƙanana kamar ƙwan kifi. Harun bai tsaya wahala da su ba. Ya kawo zaren taru daga gida, ya ɗaura wa kowanne, ya yi ƙulli irin wanda masunta ke gane kayansu da shi. Ƴaƴa farin zare, ƙulli ɗaya zuwa biyar. Iyaye shuɗin zare, ƙulli ɗaya zuwa huɗu. Ko ido rufe, in ya shafa ya san wace rana ce a hannunsa.

Wata shekara ruwa ya ci gidaje a Tunuga, har da ɗakin ƙanensa, da rumbu da komai. Da Harun ya dawo aiki ya tsaya yana kallon sif ɗin da ke jingine da ɗakin mashin.

Ya ce, "Yazidu, uwa da ƴaƴa da mashin duk rufi ɗaya suke kwana. In gidan nan ya kama wuta fa?"

Yazidu ya daina dariya. Ya kama hannunsa har ofishin Alhaji, ya ce, "Alhaji, palantonka ya fi ni kai." Nan aka yanke cewa sau ɗaya a shekara, Juma'a ta ƙarshe kafin babbar salla, za a cika wani babban diski daban, a fitar da shi daga garin gaba ɗaya. Harun ya ɗaura masa baƙin zare, ya ce wannan kaka ce. Aka yi ta tunanin inda za a kai ta. Alhaji ya ce, "Ai kana zuwa gida layya. Kai ta can. Na fi yarda da akwatin matarka da sif ɗin banki." Su uku ne a ɗakin. Ba a rubuta komai ba, don a ganin Alhaji rubuta wa Harun takarda kamar zaginsa ne.

Haka aka yi ta yi. Kowace shekara ya zo da kaka kwana biyu kafin Juma'ar, ta ci, ya mayar da ita. Matarsa Hasiya ta naɗe ta a tsohon ɗankwali, ta sa a gwangwanin madara, ta tura ƙasan akwatinta na ƙarfe. Takan ce kishin wannan abu take, don shi kaɗai ake tambayar lafiyarsa kafin a tambayi tata.

Shekara goma sha huɗu Harun bai tsallake rana ɗaya ba. Sau biyu mashin ta faɗi a tsawon wannan lokaci, sau biyun Yazidu ya tashe ta kafin azahar. Na biyun Alhaji ya cire hular kansa ya ɗora wa Harun a gaban kowa.

Ana cikin waɗannan shekaru Yazidu ya rasu a hatsarin mota, hanyar Dosso. Bayan shekara biyu Alhaji ma ya bi. Aka ɗauki wani mai gyaran ordinata, Nasiru, wanda ke zaune a Yamai, sai abu ya lalace yake zuwa. Kujerar Alhaji kuma ɗansa Zahradeen ya hau ta. Yana ƙarami Harun ya goyi Zahradeen a kafaɗa, ya kai shi lakwal a keke, ya sha share masa majina. Yanzu ya dawo daga karatu a waje, kuma ya ce a riƙa kiransa Diraktar.

Ba mugun yaro ba ne a farko, sauri ne ya yi masa yawa. Ya ga ɓarna ko'ina. Cikin dokokin da ya kafa har da cewa in ba kowa a biro, a kashe gurup, a daina ƙona gazuwal don sanyaya kujeru. Da damina da lokacin sanyi ba a ga illar dokar ba, don kuran na zama. Sai bazara ta shigo, aka fara ɗauke kuran kusan kullum da rana tsaka.

Juma'ar farko Harun ya dawo daga masallaci ya tarar da biro shiru, ɗakin mashin ya yi ɗumi. Da aka tada gurup mashin ta farfaɗo, amma fitilar uwa ja. Ya tsaya ƙofar ofis har aka ba shi izini.

"Diraktar, fitilar uwa ta yi ja."

"Uwar wa?"

Masu dosiye biyu da ke wurin suka tuntsire da dariya. Harun ya yi bayani a hankali, Hausarsa tana karkacewa kamar yadda take yi in ransa ya tashi. Zahradeen ya saurara yana duba waya.

"Tsoho, wannan tsarin zamanin Baba ne. Yanzu muna da madubi a Yamai. Duk abin da aka rubuta nan, kafin ka ƙifta ido yana can. Ko wannan ta ƙone ba abin da ya dame ni."

Harun ya san zancen madubin. Yazidu ne ya fara kafa shi, kuma shi ya ce masa kada ya yarda a kira shi ajiya, don abin da ka yi a gabansa shi yake yi, in ka share ya share, in ka ɓata ya ɓata. Ya buɗe baki zai faɗi haka, Zahradeen ya ce shayin ya huce, a sake wani.

Juma'a ta biyu Harun ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya balaga. Ya bar jam'i ya wuce shi. Ya zauna a bayan biro, da kuran ya ɗauke ya tada gurup da hannunsa. Bai yi rabin awa ba motar Zahradeen ta tsaya, ya manta wayarsa ne ya dawo ɗauka. Ya zagayo baya da darduma a kafaɗa, ya kashe gurup, ya zare makullin ya sa aljihu.

"Gazuwal ɗin na ubanka ne?"

Harun ya dube shi. Da kuran ya dawo, fitila ta yi ja. Wannan ita ce uwa ta biyu.

Ran Litinin ya sami sakatariya Balkisu ita kaɗai. Ƴar Bengu ce, mai kirki, ita ke riƙe da uwarta da ƙannenta. Ya roƙe ta ta rubuta wa Nasiru mel.

"Baba, ka kira shi mana."

"Na kira sau uku, yana cewa yana taro. Magana tana tashi. Rubuta."

"Yau kuma Baba Harun ne da son takarda? To me zan ce?"

"Ki ce iyaye biyu sun mutu, saura biyu. Ki ce gurup ake kashewa ran Juma'a. Ko a bar gurup, ko a canja wa uwa lokaci. Ki sa sunana."

Ta yi dariya ta ce Nasiru zai zaci ta'aziyya ce, amma ta rubuta da faransanci, ta karanta masa, ta aika yana tsaye. Amsa ba ta zo ba. Juma'a ta uku ya sa uwa yana cewa watakila Nasiru ya gyara daga can. Bai gyara ba.

Juma'a ta huɗu ita ce har yau take hana Harun sukuni. Saura uwa ɗaya mai rai, mai ƙulli huɗu. Kwana uku kuran bai ɗauke ba, gari duk ana cewa an gyara layi. Ya tsaya a ɗakin mashin da diskin a hannu, ana ta kiran salla. Zuciya ɗaya ta ce ya mayar da ita sif, tsohuwar ajiya ta fi babu. Ɗayar ta ce wata guda ke nan ba sabuwar uwa, ga kuran ya zauna, kuma in bai sa ba za a ce palanto ya ƙi aikinsa, shi da bai taɓa tsallake rana ba. Ya yi bismilla ya sa. Ana raka'a ta biyu fankokin masallaci suka tsaya. Mutane suka ji zafi ne kawai. Shi kuwa da ƙyar ya iya ɗagowa daga sujada.

Ran Talata da safe wata wasiƙa ta shigo wa Balkisu da sunan wani mai kaya na Kwatanu. Ta buɗe abin da ke maƙale da ita, ashe cutar ordinata ce a ciki. Kafin hantsi kundin dosiye ya ƙi buɗuwa, mel ɗin kowa ya koma wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Zahradeen ya kira Yamai ya ce a juya kan madubi. Aka ce masa madubin ma haka yake, tun minti na farko ya kwafi cutar.

Nasiru ya iso Laraba. Ya wanke mashin, ya ce a kawo ajiya. Harun ya jera masa su a tebur. Uwa ta farko fanko. Ta biyu fanko. Ta uku, ta huɗu. Ƴaƴan lafiyarsu lau, amma ba abin ɗora su a kai. A tashar kamiyo kuwa motoci fiye da talatin na kamfanin suna tsaye a rana, ba wanda ya san wane kaya na wa ne, wace takarda aka shigar, wace ta rage. Masu kaya suka cika ƙofa. Ƴan'uwan Zahradeen, masu rabo a kamfanin, suka taso daga Yamai suna tambayar wanda ya yi wannan.

Aka tara ma'aikata. Zahradeen ya ɗaga diski ɗaya ta zarensa yana lilo da shi.

"Ku duba abin da aka damƙa wa dukiyarmu. Ƙulle-ƙulle kamar kayan boka. Mutumin da bai iya karanta Litinin ba shi ke canja diski. Ya rikita su, ya sa wannan a wurin wancan, har ya share duka."

Harun ya ce, "Ban rikita ba. Gurup aka kashe. Na faɗa maka, Diraktar. Na sa an rubuta."

"An rubuta? Ina takardar?"

Takardar tana cikin mashin, tare da duk abin da ya ɓace. Harun ya juya wajen Nasiru. Nasiru ya ce shi wasiƙu ɗari ke shigo masa a rana, bai tuna ba. Ya juya wajen Balkisu. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Tun jiya Zahradeen ya kira ta ofis, ya ce ya san wanda ya buɗe wasiƙar cutar, amma ba sai kowa ya sani ba.

"Balkisu, ƴata."

Ba ta ɗago ba.

Aka karɓi makullin ɗakin mashin daga wuyansa. Igiyar ta daɗe har ta yi masa shaida a fata. Aka ce ya tafi gida, za a neme shi.

Ya isa Tunuga da la'asar. Hasiya ta ga fuskarsa ba ta tambaye shi ba, ta kawo ruwa. Da ya sha ya gaya mata komai, sannan ya ce ta buɗe akwati ta ɗauko kaka.

Ta ce, "Me za ka yi da ita?"

"Zan kai musu."

"Wasiƙar da ka sa aka rubuta tana ciki?"

"A'a. Kaka tun layyar bara ta ci. Wata goma ke nan."

"To me za ta wanke maka?"

"Ba komai."

"Malam, yaron da ka goya ya zagi ubanka. Ya kira ka boka a gaban yara. Kawo ta nan in jefa a kogi, kowa ya ji abin da ka ji."

Harun ya daɗe yana juya gwangwanin. Ba zai ce zuciyarsa ba ta so ba. Ba wanda ya san da kaka a duniya sai shi da Hasiya. In ya yi shiru, kamfanin ya durƙushe, kuma ba mai cewa shi ne. Amma ya san direbobin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san waɗanda ke kwance ƙarƙashin kamiyo kwana uku suna jiran takarda. Kuma da Alhaji ya ce kai ta can, bai ce sai in an kyautata maka ba.

Ya ce, "Ba tawa ba ce, Hasiya. Ajiya aka ba ni."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ba ta sake yi masa magana ba ranar.

Da safe ya hau kabu-kabu ya koma Gaya. Mai gadi ya so hana shi shiga, sannan ya ji kunya ya kauce. Harun ya ajiye gwangwanin madara a gaban Nasiru, ya warware ɗankwalin. Nasiru ya haɗa diskin, ya dubi allo, ya miƙe tsaye ya sake zama. Wasiƙun shekara goma sha uku suna nan, da sunayen masu kaya duka, da yarjejeniyoyi, da kundin dosiye yadda yake a jajibirin layyar bara. Ƴaƴan wannan satin ba su hau kanta ba, don ba ita ta haife su ba. Wata goma sun tafi ke nan. Amma da wannan za a iya kiran mutane, a roƙi kowa ya turo abin da ke hannunsa, a sake gini. Masu dosiye suka fara kabbara. Wani ya rungumi Harun.

Zahradeen ya fito, yayyensa biyu suna bayansa. Ya dubi diskin, ya dubi baƙin zaren, ya dubi gwangwanin. Harun ya ga lokacin da sauƙi ya sauko masa a fuska, ya kuma ga lokacin da wani tunanin ya biyo baya. In palanto ne ya ceci kamfani, to sai a koma tambayar wanda ya kashe iyayen.

"Daga ina wannan?"

"Daga gidana. Kowace shekara nake kai ta."

"Sirrin kamfani duka, da na masu kaya, a ƙauye, cikin gwangwanin madara? Wa ya ba ka izini?"

"Alhaji."

"Ina takarda?"

"Alhaji bai yi takarda da ni ba."

"Wa ya shaida?"

"Yazidu."

Zahradeen ya juya wajen yayyensa ya buɗe hannuwa. "Kun ji. Shaidunsa duka suna kabari. Allah kaɗai ya san wa da wa ya nuna wa." Ya ce albarkacin tsufansa ba za a kai shi jandarma ba. Ya ɗauki butarsa da tabarmarsa, kada a sake ganinsa a ƙofar.

Nasiru ya biyo shi har bakin titi. Ya rage murya ya ce, "Baba, mashin tana rubuta abin da ya same ta. Na gani. Juma'a huɗu, duka kuran ne ya yanke. Ba ka rikita komai ba."

"To shiga ka faɗa."

Nasiru ya dubi ƙasa. In ya faɗa, za a tambaye shi inda yake har Juma'a huɗu suka wuce. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba," ya koma ciki.

Cikin sati biyu motocin suka tashi. Aka sayi sabon tsarin ajiya mai tura komai wata ƙasa ta waya, aka ce ba ya bukatar hannun mutum. A gari labari ya bazu yadda Diraktar ya faɗe shi, cewa tsohon palanto ya ɓata ajiya, kuma an kama shi da diskin kamfani a gida. Rabin na biyun ya fi yi wa Harun ciwo. Wani ɗan'uwan Hasiya ya taɓa tambayarsa a wajen suna, cikin raha, ko nawa ƴan kasuwar Kamba suka taya diskin.

Bayan ƴan watanni aka rufe gada, aikin fitar da kaya ya tsaya, ma'aikatan suka watse kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka ga abin da idonsu ba a san inda suke ba. Harun ya koma taru. Idonsa ya rage, amma yatsunsa suna gani. Hasiya ta mayar da gwangwanin wajen ajiye allura da maɓalli. Ran Juma'a in an fara kiran salla, har yanzu hannunsa kan tafi wuya neman makulli.

Wata rana da hantsi wata mata ta sauko daga kwale-kwale da ƙullin atamfofi a ka, ta tsaya a gabansa. Balkisu ce, ta rame, yanzu ƙananan kaya take saye da sayarwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi uwarta. Ta ce da sauƙi. Ta ci gaba da durƙuso, ba ta tashi ba. Masu kwale-kwale suna can nesa suna gardamar fasinja, ba mai jin su.

Harun ya ce, "Wasiƙar nan. Kin aika kuwa?"

"Na aika, Baba. Kana tsaye."

"Na fara zaton ko mafarki na yi."

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi. Da wani mai kabu-kabu ya yi mata hon ta share fuska, ta ɗora kayanta ta haura. Harun ya lalubo inda ya tsaya a tarun, ya ja zare ya ƙulla.